Yadda Mai Ciwon Suga Nau'i na Biyu Zai Rage Cin Sitaci Ba Tare da Suga Ya Faɗi Masa Ba

Tambayar da masu ciwon suga nau'i na biyu da iyalansu suka fi yawan yi ita ce, idan likita ya ce a rage tuwo da shinkafa da burodi, to me ya saura a ci, kuma ta ina za a fara? Wasu kan ƙara da cewa sun gwada, sun yanke tuwon dare gaba ɗaya, sai ga jiri da karkarwa da mutuwar jiki har aikin yini ya gagare su, saboda haka suka koma gidan jiya. Yawancin irin wannan matsala daga rashin bin tsari take fitowa, domin akwai abin da ake yi kafin a taɓa abinci, akwai kuma abin da ake lura da shi bayan an taɓa.

Abin da ake nufi da rage sitaci a nan shi ne mutum ya tsayar da jimillar sitaci da sukarin da yake ci a ƙasa da giram 130 a rana. Akwai tsarin da ya fi wannan tsanani, wanda ake saukowa ƙasa da giram 50, amma wannan sai da kulawar likita ta kurkusa, kuma ba shi ake bayani a nan ba. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka ta bayyana a rahotonta na 2019 cewa rage yawan sitaci shi ne sauyin abincin da ya fi samun hujja wajen daidaita suga a jini. Ga matakan bi da bi.

1. A fara da maganin da ake sha

Kafin a rage ko loma ɗaya, a tattara duk magungunan da ake sha da kwalayensu, har da na hawan jini da na gargajiya, a kai wa likita ko ma'aikacin lafiyar da ke duba mutum, a faɗa masa a fili cewa ana son rage sitaci. An auna maganin ne daidai da irin cin da mutum yake yi a da, don haka idan abinci ya ragu magani bai ragu ba, suga zai iya faɗuwa ƙasa da kima.

Magungunan ba ɗaya suke ba a wannan fanni. Metformin idan shi kaɗai ake sha ba kasafai yake faɗar da suga ba. Amma glibenclamide, wanda mutane da yawa suka sani da sunan Daonil, da glimepiride da gliclazide, suna sa jiki ya fitar da insulin, wato sinadarin da ke sauke suga a jini, ko an ci abinci ko ba a ci ba, saboda haka suna iya faɗar da suga, haka kuma allurar insulin ɗin kanta. Mai amfani da ɗaya daga cikin waɗannan yakan buƙaci a rage masa adadi tun daga ranar da ya fara sauya abinci, kuma likita ne zai faɗi yawan ragin.

Gargaɗi: akwai wasu magunguna irin su dapagliflozin da empagliflozin, waɗanda ke fitar da suga ta fitsari. Haɗa su da tsananin rage sitaci yana iya sa jini ya yi tsami, alhali na'ura tana nuna suga lafiya lau. Alamomin su ne tashin zuciya da amai da ciwon ciki da numfashi mai zurfi da sauri, kuma duk wanda ya ga haka asibiti zai nufa nan take. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai ciwon ƙoda, da tsohon da ya riga ya rame, da mai ciwon suga nau'i na ɗaya, kada su fara wannan tsari da kansu.

2. Kayan aiki da inda kuɗin yake tafiya

Ana buƙatar na'urar gwajin suga da tsinkayenta, da allurar huda yatsa, da ƙaramin littafin rubutu, da kofi ɗaya ko ƙaramin kwano wanda da shi kaɗai za a riƙa auna abinci. Ƙaramin sikelin kicin yana da amfani idan da hali, amma ba dole ba ne. Na'urori irin su Accu-Chek da Fine Test da On Call Plus ana samun su a manyan shagunan magani.

Na'urar sau ɗaya ake sayenta, tsinken gwaji ne ke cin kuɗi, domin kowane tsinke sau ɗaya ake amfani da shi. Saboda haka kafin a sayi na'ura a tambayi kuɗin tsinkenta, a kuma tabbatar ana samunsa a garin da ake zaune, domin tsinken wata na'ura ba ya aiki a wata. Yawanci yana zuwa guda 25 ko 50 a gwangwani. A makon farko za a yi gwaji sau 4 a rana, wato tsinke 28, daga nan a koma sau 2 a rana, don haka watan farko zai ci kimanin tsinke 75. Bayan abinci ya zauna da gindinsa, mai shan metformin kaɗai zai iya ragewa sosai, amma mai insulin ba shi da wannan sauƙin.

Kuskuren da aka fi yi wajen gwaji shi ne rashin wanke hannu. Wanda ya ɓare dabino ko ya yanka mangwaro sannan ya huda yatsa zai ga adadin da ya fi na gaskiya nesa ba kusa ba. A wanke hannu da sabulu, a bari ya bushe sarai, a huda gefen yatsa maimakon tsakiyarsa, a rufe gwangwanin tsinke da zarar an zari ɗaya, kuma kada a bar shi a cikin mota ko a inda rana ke dukansa. A kuma duba ma'aunin da na'urar ke amfani da shi, ko mg/dL ne ko mmol/L. Idan aka raba na farko da 18 za a sami na biyu, misali 180 daidai yake da 10.

3. Mako guda na gwaji, ba a canza komai ba

A wannan mako a ci gaba da cin abin da aka saba. A yi gwaji da asuba kafin a sa komai a baki, da kafin babban abincin yini, da bayan awa 2 daga fara cin wannan abinci, da kuma kafin kwanciya. Kowane gwaji a rubuta shi tare da lokaci, da abin da aka ci, da yawansa, da yadda aka ji a jiki, musamman lokacin da gyangyaɗi ya zo ko kai ya yi nauyi.

Ga yawancin manya, abin da ake nema shi ne 80 zuwa 130 mg/dL kafin cin abinci, da ƙasa da 180 bayan awa 1 zuwa 2, sai dai idan likita ya sa wa mutum wani ma'auni daban saboda shekaru ko wata lalura. Amfanin makon shi ne mutum ya gano da idonsa wane abinci ne ya fi ɗaga masa suga, domin jiki ya bambanta, wani shinkafa ce ke tayar masa, wani kuma koko.

4. A fara yanke abin sha

Sukarin da ke cikin ruwa shi ya fi saurin shiga jini, kuma ba ya ƙosarwa, don haka shi ne na farkon tafiya. Kwalbar lemo irin Coca-Cola mai 35cl tana ɗauke da sukari kimanin giram 37, wato kusan ƙaramin cokali 9, ta roba mai 50cl kuwa ta haura giram 50. Lemon malt da ake kai wa marar lafiya a matsayin abin ƙara ƙarfi bai gaza wannan ba. Haka zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi da lamurje na sayarwa, da ruwan 'ya'yan itace na kwali ko da an rubuta ba a ƙara masa sukari ba.

Shayi ba laifi ba ne, abin da ake zuba masa ne. Kowane ƙaramin cokali na sukari giram 4 ne, ga madarar gwangwani mai zaƙi, ga Milo ko Bournvita a kai. A koma shayi da citta da kanumfari ba sukari, ko da madara kaɗan marar zaƙi. Zoɓo a dafa shi a gida a sha da tsaminsa. Wanda bakinsa ya kasa jurewa ya rage cokali ɗaya duk bayan 'yan kwanaki har ya saba.

Gargaɗi: zuma ba mafita ba ce. Babban cokali ɗaya nata yana da sukari kimanin giram 17, kuma jini ba ya bambanta ta da sukarin kanti sosai. Kada kuma a kawar da sukari daga gida gaba ɗaya, domin za a buƙace shi a mataki na 8.

5. Karin kumallo

Bayan kamar mako guda da gyara abin sha sai a juya ga abincin safe. Koko da kunu an niƙa su an tace, ba abin da zai tsare su a ciki, shi ya sa suke ɗaga suga da sauri su kuma bar mutum da yunwa kafin hantsi ya dubi ludayi. Burodi yanka ɗaya na matsakaici yana da sitaci kimanin giram 15, kuma wanda ya zauna a teburin mai shayi ba yanka ɗaya yake ci ba. Ƙaramar ledar taliyar Indomie ta haura giram 40.

Abin da ya fi dacewa shi ne ƙwai 2 da tumatir da albasa da kabeji, ko alale, ko awara da yaji, ko ƙosai 3 zuwa 4 tare da shayi marar sukari a maimakon koko, ko kindirmo da 'yar gyaɗa. Idan dole sai da burodi, yanka ɗaya ya isa, a ci shi tare da ƙwai. A nemi tsayar da sitacin safe a wajen giram 30.

6. Tuwo da shinkafa da sauran manyan abinci

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi karaya, saboda haka ba a yin sa da gaggawa. Garin masara ko dawa ko gero giram 100, kafin a tuƙa, yana da sitaci giram 70 zuwa 75, garin rogo ma ya ɗara haka. Ke nan malmala guda da aka tuƙa da wannan adadin gari ta cinye fiye da rabin kason yini, balle a ce an ƙara ta biyu. Dafaffiyar shinkafa fara tana da kimanin giram 28 a kowane giram 100, wato kofi ɗaya ya kai wajen giram 45. Dafaffiyar doya tana kusa da shinkafa, dankali kuma yana wajen giram 20.

A fara da raba abin da aka saba ci gida uku a ajiye kashi ɗaya. Bayan mako guda, idan gwaji bai nuna faɗuwar suga ba, a sauko rabi. Daga ƙarshe abin da ake nema shi ne tuwo ko shinkafar da ba ta wuce dunƙulen hannun mai ci ba, wadda za ta ba da sitaci kimanin giram 40 da rana, da kimanin haka da dare, a bar sauran giram 20 ɗin ga 'ya'yan itace da abin taɓawa. Wanda ke da sikeli ya auna sau ɗaya ko biyu don ido ya gane girman, daga nan kwanon da aka ware zai riƙe masa ma'auni.

Gurbin da tuwo ya bari miya ce za ta cike shi, kuma miya mai kauri wadda ake sha da cokali. Kuɓewa ɗanya da busasshiya, da kuka, da zogale, da alayyafo, da lalo, da shuwaka, da agushi, duk sitacinsu kaɗan ne. Idan aka kasa faranti, rabi ya zama ganye da miya, kashi ɗaya cikin huɗu nama ko kifi ko ƙwai ko awara, sauran kashin kuma tuwo. A fara da ganye da nama, a bar tuwon daga baya, domin wannan jeri yana rage saurin hawan suga. Shinkafa da wake ta fi shinkafa zalla, musamman idan waken ya rinjaya, faten wake da alayyafo kuma ya fi su duka. Masa da sinasir da dambun shinkafa da funkaso sitaci ne tsantsa, a lissafa su kamar tuwo. Ɗanwake ma sunansa yana ruɗi, domin galibi garin rogo ko fulawa ne ya fi yawa a cikinsa. Fura da nono kuwa furar ce matsala tare da sukarin da ake zubawa, don haka a dama gutsure kaɗan a nono mai yawa, kada a sa sukari.

Gargaɗi: an yaɗa cewa tuwon alkama da acha abincin masu ciwon suga ne, har wasu ke cin malmala biyu hankali kwance. Sitacin da ke cikinsu bai da nisa da na masara. Suna iya fin fulawa da farar shinkafa ɗan jinkiri wajen narkewa, amma ma'aunin dunƙulen hannu yana kansu kamar kowane tuwo. Wanda ke shakka ya gwada kafin ya ci da kuma bayan awa 2, ya bar na'urar ta yanke hukunci.

Akwai wani ɓangare da ba a cika faɗa a asibiti ba, wato cin abinci a tire ɗaya. Wanda ya sa hannu tare da jama'a ba zai taɓa sanin adadin da ya ci ba, kuma kunya kan hana shi tsame hannu da wuri. A nemi a riƙa zuba masa nasa daban. Idan maigida ne mai ciwon, ya kamata uwargida ko duk mai girkin ta raka shi wajen likita ko sau ɗaya ne, domin ludayin a hannunta yake. Ranar biki ko suna kuwa a ci wani abu mai riƙe ciki tun daga gida, a can a ɗauki nama da kabeji da shinkafa kaɗan, lemon da aka miƙo a karɓa da godiya a kai wa yara.

7. Abin da zai cike gurbi ba tare da aljihu ya huje ba

Gaskiya ce hatsi ya fi komai araha, kuma wanda ya rage shi zai ji a kuɗin cefane. Amma ba sai da kaza da tsire kullum ba. Wake da awara da ƙwai da busasshen kifi da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da riɗi da kindirmo duk suna riƙe ciki. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli abinci ne cikakke ga mai wannan tsari, muddin ba a barbaɗa masa sukari ko garin rogo ba. Yalo da gauta da kokwamba da kabeji suna maganin kwaɗayin tsakanin abinci. Kuɗin da ake kashewa a da kan lemo da burodi da sukari a mayar da shi kan waɗannan.

Wake yana da sitaci, kimanin giram 20 a kowane giram 100 na dafaffe, sai dai yana shiga jini a hankali, saboda haka a ci shi da ma'auni. 'Ya'yan itace ma haka, a ci su a gutsure ba a matse ba: gwaiba ɗaya, ko lemon zaƙi ɗaya, ko yanka ɗaya na gwanda ko kankana. Ayaba matsakaiciya ta kai giram 25, dabino kuwa kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa sukari ne. Idan abin kanti ne, a juya bayan kwalin a duba layin da aka rubuta "Carbohydrate", a lura ko adadin na giram 100 ne ko na abin da ke cikin kwalin duka.

Gargaɗi: rage tuwo ba izinin cika miya da mai da dunƙulen magi ba ne. Mai ciwon suga yana cikin haɗarin hawan jini da ciwon zuciya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishiri ya kai giram 5 a rana. Kilishi da tsire da balangu a ci su jefi-jefi.

8. Sanin faɗuwar suga da abin yi nan take

Wannan mataki ya shafi mutanen gida duka, domin wanda suga ya faɗi masa sau da yawa shi ne na ƙarshen ganewa. Ana cewa suga ya faɗi idan ya yi ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L, idan kuma ya yi ƙasa da 54 abin ya yi tsanani. Alamomin farko su ne karkarwar hannu, da gumi mai sanyi, da bugun zuciya, da yunwa mai zuwa farat ɗaya, da jiri, da gani dishi-dishi. Idan ya ci gaba sai mutum ya fara faɗa ba dalili, ko magana ta karye masa, ko ya yi zuru ana kira ba ya amsawa daidai. Na cikin barci kuma ana gane shi da jiƙewar riga da gumi, da mugun mafarki, da tashi da ciwon kai.

Da zarar an ji alama a yi gwaji. Idan na'urar ba ta kusa, a ɗauka faɗuwa ce a yi magani, domin ɗan ƙarin sukari sau ɗaya bai kai haɗarin suma ba. A sha sukari giram 15, wato ƙaramin cokali 4 a cikin ruwa, ko ƙwayar sukarin kwali 3 zuwa 4, ko ɗan ƙasa da rabin kwalbar lemo mai 35cl, na ainihi mai sukari. A zauna minti 15 a sake gwaji. Idan har yanzu yana ƙasa da 70 a maimaita. Bayan ya hau, idan lokacin abinci da saura, a ci yanka ɗaya na burodi ko wani abu makamancinsa. Cakulan da gyaɗa da nama ba sa wannan aiki, domin maiƙo yana jinkirta shigar sukari.

Gargaɗi: idan mutum ya suma ko ba ya iya haɗiya, kada a ɗura masa ruwa ko nono ko lemo, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi a gefe guda, a garzaya asibiti, a faɗa musu yana da ciwon suga da sunan maganin da yake sha. Faɗuwar da glibenclamide ya jawo tana iya dawowa bayan sa'o'i, musamman ga tsofaffi da masu matsalar ƙoda, don haka ko mutum ya farfaɗo a gida a kai shi a duba. Masu shan propranolol ko atenolol su sani cewa waɗannan magunguna kan ɓoye karkarwa da bugun zuciya, gumi kaɗai zai iya zama alama.

A riƙa yawo da ƙwayar sukari a aljihu ko jaka, a ajiye wata kusa da gado, a kuma sa 'yar takarda a walat mai ɗauke da sunan ciwon da na magani da lambar wani na gida. Duk faɗuwar da ta faru a rubuta ta. Idan ta maimaitu, magani ne ya yi yawa, a koma wa likita ya rage, kada a ƙara tuwo don a ciyar da maganin.

9. Kasala da gyangyaɗi

A makon farko ko na biyu wasu kan ji ciwon kai da kasala da taurin bayan gida, saboda jiki yana zubar da ruwa da gishiri idan sitaci ya ragu. Yawan shan ruwa da cin ganye sukan warware wannan, kuma yana wucewa. Idan jiri yana zuwa lokacin miƙewa tsaye, a auna hawan jini, domin mai yiwuwa shi ma maganinsa yana buƙatar ragi.

Abin lura shi ne suga mai yawa da suga kaɗan duk suna sa barci, kuma ba a iya bambanta su da zato. Gyangyaɗin da ke zuwa bayan cin rana, tare da ƙishirwa da yawan fitsari, yawanci na hawa ne. Maganinsa rage sitacin wannan abinci da tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan an ci, maimakon a miƙe a kan tabarma. Idan suga ya daidaita amma kasalar ta ƙi tafiya, a nemi a duba ƙarancin jini, da bitamin B12 ga wanda ya daɗe yana shan metformin, a kuma faɗa wa likita idan ana minshari mai ƙarfi da sarƙewar numfashi a barci. Goro da kofi suna wartsake ido na ɗan lokaci, amma ba sa faɗa wa mutum abin da ke cikin jininsa.

10. Tuƙi da azumi da ranar rashin lafiya

Mai insulin ko glibenclamide da 'yan uwansa ya yi gwaji kafin ya hau mota ko babur ko Keke Napep. Hukumar lasin tuƙi ta Birtaniya ta sa wa masu insulin ƙa'idar da ta dace a ara: idan suga bai wuce 5 mmol/L ba, wato 90 mg/dL, a ci wani abu tukuna, a doguwar tafiya a sake gwaji duk awa 2, idan kuma ya faɗi a hanya a faka a sha sukari, a jira minti 45 bayan ya daidaita kafin a ci gaba. Haka ya shafi mai aiki da injin niƙa da mai hawa gini da mai noma a rana.

Kada a fara wannan tsari a cikin Ramadan. Wanda ya riga ya saba kuma yana son yin azumi ya ga likita makonni kafin watan ya kama, don a sake masa lokutan magani. Ƙa'idar da ƙwararru suka fitar ita ce a karya azumi idan suga ya yi ƙasa da 70 ko ya haura 300 mg/dL, ko alamun faɗuwa suka bayyana, kuma malamai sun yi bayanin cewa huda yatsa don gwaji ba ya karya azumi. A buɗe baki da dabino 1 ko 2 da ruwa, a guji tara kunu da ƙosai da soyayyen dankali da lemo a zama guda, sahur kuma a jinkirta shi a yi shi da ƙwai ko wake ko kindirmo.

Ranar zazzaɓin cizon sauro ko amai da gudawa a ajiye lissafin sitaci, a sha ruwa, a yi gwaji duk bayan 'yan sa'o'i, a tuntuɓi asibiti da wuri, domin wasu magunguna irin su metformin akan dakatar da su idan jiki ya rasa ruwa. Kwinin yana faɗar da suga, don haka a sanar da mai ba da magani. Insulin kuwa ba a daina shi ba tare da umarni ba, ko da ba a iya cin abinci.

11. Komawa asibiti bayan wata 3

A koma da littafin gwaji a hannu, a nemi gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata 2 zuwa 3 da suka wuce. Ga yawancin manya ana neman ya yi ƙasa da kashi 7 cikin ɗari. A wannan zuwan a duba aikin ƙoda da kitsen jini da hawan jini da nauyi, a cire takalmi a nuna ƙafa, a kuma tambayi lokacin duba ido, wanda ake yi aƙalla sau ɗaya a shekara.

Idan sakamako ya yi kyau, likita zai iya rage magani, wasu ma akan dakatar musu, musamman waɗanda ciwon bai daɗe ba kuma suka rage ƙiba. Ko da hakan ta faru a ci gaba da gwaji lokaci-lokaci, domin suga yana dawowa idan tsohon cin ya dawo. Garafuni da shuwaka da sauran jiƙe-jiƙe ba sa maye gurbin magani, kuma duk wanda ke shan su ya faɗa wa likita. Idan kuwa an bi matakan nan amma suga bai sauko ba, ko yana zama sama da 300 tare da ƙishirwa da rama, ba a jiran cikar wata 3, magani ne ke buƙatar ƙari ko sauyi. Wanda kuma ya ga giram 130 ya yi masa tsauri, ya zauna da likita ko masanin abinci na asibitin su tsayar da adadin da zai iya riƙewa, su daidaita magani a kansa.